Kafaɗar Kulu a Allon Malam Hima

Ku da kuke zuwa rumfata da wayoyinku, kuna nuna mini yadda ake ɗauko kan miji a nan, kan mata a can, a haɗa su gaban wani bene da ba su taɓa gani ba, ku zauna tukuna. Kun ce zanen mutum ba wani abu ba ne, hanci ne da ido da baki. To ai hanci da ido da baki, ko ɗan firamare yana yin su da gawayi a bangon gidan ubansa. Ni Garba, da ake ce ma Garba Mai Fenti a nan Bagudo, cikin wanga aiki na tsufa, kuma har yau in aka ce in sa mata da miji a allo ɗaya, sai na daɗe ina kallo kafin in taɓa burushi.

Wurin Malam Hima na koya, Allah ya jiƙan shi. Cikin Dandawan bakin kogi yake, kuma can Faranshi ya koyo aikin, wato ƙasar Benin, haka muke ce mata a nan. Shi ke yi ma masu aski allonsu, shi ke zana zaki da giwa a bayan manyan motoci, shi ke rubuta suna a jikin jiragen ruwa. Zanen mutane kuwa sai wanda ya ga dama yake yi ma. Da na je wurinsa ban taɓa fenti ba sai da damina ta zagayo. Aikina goge katako da samfefa har tafin hannuna ya mutu, wanke burushi da kananzir, da tsince gwangwanayen madara a kasuwa don damun kala. Ƙananan burushin da yake yin ido da su, da hannunsa yake haɗa su: gashin wutsiyar akuya, a zaɓe shi ɗaya-ɗaya, a cusa cikin gashin agwagwa a ɗaure da zare. In ka ɓata mishi ɗaya, ranar ko gaisuwarka ba ya amsawa.

Da ya yarda in fara zane, sai ya hana ni fuska. Kafaɗu da hannuwa kawai, da alli, a bayan tsohon allo. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai Garba, mutum ya san ana kallon fuskarsa, yana gyara ta. Wa ka taɓa gani yana gyara kafaɗarsa?" Ya kan zaunar da ni bakin rumfa ranar kasuwa ya ce in faɗa mishi, daga baya kawai, wace mata ce ta sayar da kayanta, wace ce za ta koma gida da su. Na sha rankwashi a kan wannan.

Aikin farko da ya bar mini na mata da miji, na wani mai sayen shinkafa ne daga Geza. Mutumin ya zauna a kujera ya baza babbar riga, matar ta zauna gefe a kan turmi, ta karkata, ta sunkuyar da kai. Ni da ƙuruciyata sai na ga kamar ba su shiri, na so in ɗan matso da ita kusa a zanen don in yi musu gwaninta. Malam Hima ya riƙe mini hannu. A nan ƙasar, mace ba ta manne ma mijinta gaban baƙo, ba ta kallon shi, ko da kuwa a ɗaki shi ne abokin dariyarta. Wannan tazarar kunya ce, in ka rufe ta ka zagi matar. Abin da ya nuna mini ranar shi ne yadda ake rabe kunya da fushi, don daga nesa kamarsu ɗaya. Mai kunya wuyanta yana laushi, kai ya yi ƙasa, kafaɗar da ke wajen mijin ta sauka, gwiwoyinta kuma ko ta juya fuska suna kallon inda yake. Mai fushi wuyan ya sandare, haɓa ta ɗaga kaɗan, kafaɗar da ke wajen mijin ta hau sama ta tare shi. Matar mutumin Geza mai kunya ce. Na zana ta yadda take, suka ɗauki allonsu suna murna.

Doka ɗaya ya bar mini wadda ban taɓa karyawa ba: ba a shafe fuskar mai rai. In mutum ya mutu, iyalinsa suka ce a rufe, sai a rufe. In yana numfashi kuwa, sai ya gani da idonsa ya ce ya yarda. Mutanenmu suna ganin shafe fuskar mai rai kamar yi mishi fatan tafiya ne. Ni ban san gaskiyar wannan ba, amma na san masu sakin aure da yawa sun zo da zafinsu na mayar da su.

Sana'ar ta daɗe tana ramewa kafin mugunyar shekara ta zo. Wa'azi ya yi yawa a kan hoto, wasu suka sauke allunan iyayensu suka juya su ga bango, ban kuma ga laifinsu ba. Injin buga allon talla na leda ya shigo, mai shago ya gane kwana ɗaya ya ishe shi samun allo. Sai kuma aka rufe boda. Manyan motocin da nake ci da su suka yi layi suna tsatsa, fentin kirki da ke shigo mana ta Faranshi ya ɓace, wanda ke hannuna ya daskare a gwangwani. Na koma shafa ma mutane ƙofofi da tagogi, wata rana in tafi ƙwadagon yankan shinkafa da tsufana. Rumfar nan da kuke zaune, akuyoyi ne ke kwana ciki.

Cikin wannan shekara wani mutum ya tsaya da babur bakin rumfa, da abu naɗe cikin tsohuwar tabarma ɗaure a baya. Ba yaro ba ne, furfura ta fara fito mishi a gemu. Ya ce sunansa Altine, fataucin bandar kifi yake yi can tsallake, ta jirgin ruwa ya hayo. Ya kwance tabarmar, sai ga allo baƙi ƙirin da hayaƙi. Ko ban goge ba na san hannun Malam Hima ne, don shi kaɗai ke zagaye allo da siririn jan layi. Aikin ya girmi zuwana wurinsa. Ta cikin baƙin ana ganin namiji a dama, mace a hagu.

"Wanga ubana ne, Mani," in ji Altine. "Ya rasu bara. Shi nike so ka gyara mini. Wagga kuwa ka rufe ta, ka sa kalar sama ko ta ruwa, duk wadda kake da ita."

"Wace ce?"

"Matar da ta haife ni."

"Tana da rai?"

Ya ce tana Kende, a gidan ƙanensa Bello, kuma an aiko mishi cewa jikin ya yi nauyi. Na ce to ya je ya gan ta? Ya ce bai je ba, ba shi kuma zuwa.

Na ba shi benci ya zauna. Labarin da ya ba ni gajere ne, ya faɗe shi ba tare da ya ɗaga murya ba. Shi ɗan fari ne. Ana yaye shi aka haye da shi ruwa aka kai ma kakarsa, uwar ubansa, yadda ake yi. A ɗakinta ya tashi, wanga allo rataye bisa gadonta, kusa da inda take bandar kifi. Iyayensa a allon ya fara saninsu. Kullum in ya buɗe ido, ga uba zaune, ga wata mace ta ba uban kafaɗa ta ɗaure fuska.

Na ce, "Haba Altine, kai ma ka san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon shi gaban mutane. Ba a kanka aka fara ba."

"Na sani, Baba Garba. Na ga uwayen wasu. Suna kauda kai, amma sai ka ga an aiko da ƙosai a ɓoye, an aiko da 'yar riga da Sallah. Ni ko ƙyanda da ta kusa kashe ni ba ta sa ta hayo ba. In na zo gida ta tashi ta bar wurin. Ba ta son ubana, shi ya sa ba ta so na. Ga shi nan a allo, mai zanen ma ya gani."

Ban yi mishi gardama ba. Na ce ko mi za a yi, sai an wanke allon tukuna, don fenti ba ya kama hayaƙi. Na ce ya dawo jibi.

Wanke tsohon zane aikin haƙuri ne, kuma a nan ne masu gaggawa ke kashe aiki. Ba a sa kananzir, yana cin kalar da ke ƙasa. Ruwan ɗumi ne da ɗan sabulun salo, a jiƙa auduga a matse, a goge wuri kamar faɗin ƙumba, a busar da tsumma kafin a matsa gaba. Na fara ta wajen uban. Basarke ne sosai, masunci, ga faɗin ƙirji, ga hannuwa duk kanta. Ya sa riga sabuwa wadda bai saba da ita ba. Abin da ya tsayar da ni idonsa ne. Mutum in ya zauna a zana shi, mai zanen yake kallo, ko ya kalli sama don ya yi kwarjini. Mani gefe yake kallo, ƙasa-ƙasa, wajen matarsa. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, na hagu kuma Malam Hima ya bar shi a sama kaɗan, bai sauka kan gwiwar ba, bai kuma kai gare ta ba. Zaman mutumin da ya faɗi wata magana ne, yana jira a amsa mishi.

Na koma kanta. Yarinya ce ɗanya shakaf. Na so ƙwarai in ga kunya, don in samu abin da zan faɗa ma ɗanta, amma ban gan ta ba. Wuya a sandare, haɓa a ɗage, kafaɗar da ke wajen mijin ta hau har ta kusa taɓa kunne. Gwiwoyinta sun juya waje. Gefen idonta Malam Hima ya ɗiga fari ƙanƙane, irin wanda muke sawa in ido ya kawo ruwa bai zubo ba. Da na sauko ƙasa inda hayaƙin ya fi kauri, sai wasu abubuwa suka fito da ba a ganinsu a da. Ɗaurin zanenta ya hau sama sosai. Hannunta na hagu yana ƙarƙashin mayafi, tallafe da mara, yatsun a buɗe. Ƙafafunta sun kumbura har munduwar ƙafa ta nutse cikin nama. Tsohon ciki ne da ita.

Da Altine ya dawo na jingina allon a inda haske yake, na nuna mishi duk abin da na gani, ban rage ba. Ya tambaye ni kai tsaye ko fushi ne ko ba fushi ba. Na ce fushi ne, mai tsanani kuwa, amma allo ba ya faɗin dalili.

Ya daɗe yana kallon hannun nan da ke kan mara.

"Ni ne ke nan a ciki," in ji shi. "Tun ban zo duniya ba ta ɗaure mini fuska. Rufe ta, Baba Garba."

Na ga wankin da na yi ya ƙara mishi ciwo ne. Na faɗa mishi dokar maigidana. Ya ce to in kai mata da kaina in tambaye ta. Na ce ba ni da babur, kuma ba ni shiga gidan mutane in ce ma tsohuwa mai jinya an aiko ni in shafe ta, alhali mai aiken yana zaune a Bagudo. Ya ce zai kai ma wani mai fenti. Na ce ya kai, akwai masu shafa ƙofa da yawa, ko su za su iya. Ya naɗe allon, ya ɗaure a babur, ya tayar, ya yi gaba har ya kusa shan kwana. Sai na ga ya tsaya, ya juyo.

"Hau mu tafi," in ji shi. "Amma ni ba ni magana da ita."

Da hantsi muka isa Kende. Bello ya fito, ya ga yayansa, ya yi ta maimaita sannu da zuwa. Aka shimfiɗa tabarma gindin darbejiya a tsakar gida, matar Bello ta tallafo tsohuwar ta jingina ta da filo. Sunanta Kulu. Ta rame har wuyan hannunta bai fi na yaro ba, amma idon garau yake. Altine bai ƙaraso ba. Ya tsuguna can jikin rumbu, ya ba mu gefe. Ta san ya shigo, don na ga lokacin da ta ja mayafi ta kauda kai daga wajen.

Muka gaisa, na yi mata ya jiki. Na kwance tabarmar na jingina allon a gabanta.

Ta kalla, ta daɗe. Ta miƙa yatsa ta taɓa rigar mijin.

"Aikin Hima," in ji ta. "Rigar aro ce wagga. Ta yayansa ce."

Na ce, "Yaya Kulu, ni almajirin Hima ne a sana'a. An kawo mini allon ga in gyara. Na ga abu a zamanku, na kuwa kasa gane dalilinsa. In ba ki so, kada ki faɗa."

"Mi ka gani?"

"Na ga kamar ranki a ɓace."

"Hushi nika yi," in ji ta, ba ta ko yi jinkiri ba. "Hima ya ce in saki fuska har ya gaji. Na ce mishi ya zana abin da ya gani."

Ta huta, matar Bello ta ba ta ruwa ta kurɓa. Sannan ta ci gaba, ni take kallo, da ni take magana.

"A jirgi muna tahowa wurin Hima, Mani ya faɗa mini. Ya ce ya yi ma innarsa alkawari, abin da ke cikina in an yaye nata ne, can tsallake. Ya bari sai muna tsakiyar ruwa, ga mutane cike da jirgi. Kai ka san mai cikin fari ba ta da baki. In na ce ban yarda ba, a ce ga marar kunya tana son ɗan fari, a yi ta yi da uwata a gari. Na haɗiye. Da ita a maƙogwaro na zauna gaban Hima. Mani mutumin kirki ne, ya ba ni haƙuri har ya mutu, amma wagga ban yafe mishi da wuri ba."

Bello ya sunkuyar da kai.

Na san ba hurumina ba ne, amma na yi tambayar da na san wanda ke jikin rumbu ba zai yi ba. Na ce an ce ko da yaron ya yi ƙyanda ba ta haye ba.

"Na kai bakin ruwa," in ji ta. "Har na sa ƙafa a jirgi na fito. Na san kaina. In na gan shi kwance, ɗauko shi zan yi, ko duniya za ta taru a kaina. To aurena ya mutu, ga na goye, ga wani cikin. In ya zo gida ma shi ya sa nike tashi. Sauran mata suna iya kallo ta gefen ido su daure. Ni ban iya ba."

Sai ta sake ɗora yatsa a kan allon, wannan karon a kan fuskarta ta ƙuruciya.

"Mani ya so ya rataye shi a ɗakinsa. Ranar da za a haye da yaron, ni na naɗe allon ga da hannuna na sa cikin kayansa. Na ce a rataye inda zai riƙa gani. Ba ni iya faɗa mishi, ba ni iya aika kowa. Na ce in ya yi wayo ya dubi fuskata, zai gane ban yarda ba."

Tausayinsu su biyu ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Maganar shafewa kuwa ban tayar da ita ba, ba wanda ya tayar.

Ta gyara mayafinta da ƙyar, ta rage murya.

"Kai da ka san aikin, tambayar mini shi. Ya gane?"

Na juya wajen rumbu. Altine yana nan tsugune, ya dafe ƙasa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗago kai.

"Na gane, Inna."

Ba ta dube shi ba. Ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi ta rufe har ido. Sannan ta zaro hannu ɗaya daga ƙarƙashin mayafin, ta miƙa shi ta baya, tafin a buɗe, ta bar shi a kan tabarma. Altine ya taso da rarrafe.